A Gida An Ce Haramun Ne, A Ofis An Ce Ba Zan Iya Ba

Mahaifina mai gyaran rediyo da talabijin ne, kuma tun ban kai shekara goma ba nake zama a gefensa idan yana aiki. Yayyena maza ba su da haƙurin wannan zama, da sun ɗan riƙe masa fitila sai ƙafa ta fara musu ƙaiƙayi. Ni kuwa sai in wuni. Ya buɗe bayan rediyo, ya ɗora mita a nan ya ɗora a can, ya ce in karanta masa abin da allura ta nuna. Ranar da ya fara miƙo mini ƙarfen dalma ya ce in liƙa waya da kaina, hannuna na rawa har na ƙona yatsa, amma rediyon ta yi magana. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "To, ɗauko na gaba."

Mutum ne mai riƙo da addini, jam'i ba ya wuce shi, kuma a bakinsa na haddace ƙananan surori. Ban taɓa jin ya haɗa aikin da nake taya shi da zancen halal ko haram ba. Na faɗi wannan da wuri ne don na san yadda ake karanta irin wannan labari. Wasu za su ce ga wata ta zo zagin addini, wasu kuma su yi murna su ce ai dama addinin ne matsalar. Duka biyun su yi haƙuri su karanta zuwa ƙasa.

A sakandare na fara ganin kwamfuta. Ba su da yawa, don haka malamin ya kan zaunar da maza a kan kujeru, mu mata mu tsaya a bayansu muna leƙe. Ba mugunta ce ta sa shi ba, bai ma san yana yi ba. Sai na koma rubuta umarnin a bayan littafina, in bi shi layi-layi da fensir ina lissafa abin da na'urar za ta fitar. Da haka na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a. Shekarar farko ta tafi lafiya. Ina cikin ta biyu Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, bayan gajeriyar jinya.

Riƙonmu ya koma hannun yayansa. Mahaifiyata tana cikin takaba ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, na duba lamarinki. Karatun nan ya isa haka."

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, saura shekara biyu da 'yan watanni in gama."

Ya ce, "Da likitanci kike karantawa ko malanta, da na ce akwai lalura, 'yan uwanki mata za ki yi wa aiki. Amma kwamfuta? Wannan harkar maza ce. Kwana ake yi a ofis, cakuɗuwa ce, kuma duk ɓarnar zamanin nan ta cikinta take shigowa. Ubanki ya sake miki, ni ba zan ɗauki wannan nauyi gobe ƙiyama ba."

Sai ya karanto mini aya ta 33 a Suratul Ahzab, inda aka ce a tabbata a cikin gidaje. Ya biyo da hadisin da ake cewa mata masu tauyayyen hankali da addini ne. Ya ce, "Ba ni na faɗa ba. Mai tauyayyen hankali me zai kai ta lissafin injuna?"

Da cewa ya yi babu kuɗi, da na nemi kuɗi. Da cewa ya yi ba ya so kawai, da na yi kuka na kai ƙara wurin manya. Amma ya ce Allah da Manzonsa ne suka faɗa, to wa zan kai ƙara? Na tashi ƙafafuna ba sa ɗaukata. Na je makaranta na kwaso kayana, ƙawayena suna tambaya ina cewa zan dawo.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ban taɓa gaya wa kowa ba sai bayan shekaru. Barin makarantar ya yi mini zafi, amma hadisin ne ya hana ni barci. Idan na kwanta sai tambaya ta taso: in dai haka aka halicce ni, tauyayya, me ya sa aka sa mini son wannan abu a zuciya? Me ya sa nake gane darasin da maza a ajinmu ke zuwa in yi musu bayani? Ko dai girman kai ne ke ruɗa ta? Da na ji tambayar ta fara taɓa adalcin Ubangiji sai tsoro ya kama ni, in tashi in yi ta istigfari, ina ganin na kusa fita daga Musulunci. Washegari tambayar ta dawo. Sallah ina yi a kan lokaci, amma ɗanɗanonta ya tafi. Na daina buɗe littattafaina, na tura su ƙarƙashin gado. Ko fitilar ɗaki ta lalace ba na taɓawa, sai in jira ƙanena ya dawo, yaron da ni na koya masa riƙe sukundireba. Na rame har aka kai ni asibiti, aka yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, likitan ya ce damuwa ce.

Mahaifiyata ba ta iya ja da Baffa ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Mace ce da ta rasa miji, da marayu a gabanta, kuma hannun da ke ciyar da su shi ne ya yanke hukuncin. Amma ta yi dabara irin tasu ta iyaye. Ta ce tun da an hana ni wancan karatu, a bar ni in je in yi na addini wurin wata dattijuwar malama da ke karantar da mata fiƙihu da hadisi a gidanta. Wannan Baffa ba shi da bakin hanawa.

Na daɗe ina zuwa ban buɗe baki ba. Wata rana bayan an watse na tsaya ina naɗe tabarmi, sai ta ce, "'Yata, ke ba karatu ya kawo ki ba, akwai abin da ke cin ki." Na fashe da kuka na gaya mata komai, har da tambayar da nake tsoro.

Ba ta yi salati ba, ba ta ce na yi saɓo ba. Ta sa na ɗauko mata Sahihul Bukhari, ta buɗe, ta ce, "Karanta mini daga farko, kada ki tsallake komai." Sai na ga hadisin yana da farko yana da ƙarshe. Ranar idi ce, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wajen mata yana kwaɗaitar da su yin sadaka. A cikin jumlar da aka ambaci tauyaya, a nan kuma aka ce su ne ke rinjayar hankalin namiji mai tsayayyen ra'ayi. Matan ba su sunkuyar da kai sun tafi ba, tambaya suka yi, mene ne tauyayar? Aka ba su amsa da abu biyu ƙayyadaddu: batun shaida, da barin sallah da azumi a lokacin al'ada. Malama ta ce, "Ina lissafi a nan? Ina inji? Shi da ya faɗi maganar ya yi mata iyaka, wani ya zo ya cire iyakar." Ta tuna mini ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da sahabbai suka kasa tashi su yi yanka da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, shawarar Ummu Salama ce aka bi lamarin ya warware.

Game da ayar kuwa ba ta ɓoye mini komai ba, kuma wannan ya sa na yarda da ita. Ta ce ayar tana cikin jerin ayoyin da ke magana da matan Annabi, kuma manyan masu tafsiri da yawa sun ce hukuncin ya haɗa da sauran mata. Amma waɗannan malaman ba su ce an kulle mace har abada ba, domin a Bukharin nan dai aka ce wa Sauda, matar Annabi, an yi wa mata izinin fita don buƙatunsu. Ta buɗe Sahihu Muslim ta nuna mini hadisin Jabir: an saki 'yar uwar mahaifiyarsa, tana cikin idda ta fita za ta girbe dabinonta, wani mutum ya tsawata mata. Ta kai maganar wurin Annabi, ya ce ta je ta girbe, wataƙila ta yi sadaka ko ta aikata wani alheri. Na karanta shi na sake karantawa. Mutumin da ya tsawata mata ya ɗauka addini yake karewa, kuma ba shi aka ba gaskiya ba.

Daga ranar karatu ya shiga raina. Na san Nana A'isha ta ruwaito hadisai 2,210, kowa ya san wannan, amma ban taɓa jin sunan Karima al-Marwaziyya ba, wadda ta rasu a Makka a shekara ta 463 bayan hijira. Manyan malamai maza suna tafiya takanas su karɓi Bukhari a wurinta, Khaɗib al-Baghdadi ya karance shi a gabanta cikin kwana biyar. Littafin da aka ciro rabin hadisi daga cikinsa aka rufe mini makaranta, ta hannun mace ɗaya daga cikin ingantattun riwayoyinsa ta iso ga al'umma. Malama ta karanta mana inda Shehu Usman ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru tana tura malamai mata da ake kira jajis su karantar da mata a ƙauyuka. Duk wannan yana nan a rubuce, kawai dai ba shi ake zaɓa a karanto wa yarinya idan ana so ta zauna.

Na so in kwashi littattafan in tafi wurin Baffa. Malama ta hana. Ta ce, "Idan kika kayar da shi a gardama, ya rasa hanyar janyewa da mutuncinsa, ke za ki yi asara." Sai aka bi ta hannun Kawu, yayan mahaifiyata, shi kuma ya ɗauki wani limami da Baffa ke jin nauyinsa. Aka yi ta zuwa ana dawowa. A ƙarshe bai ce ya yarda ba, cewa ya yi, "Na cire hannuna, ku yi yadda kuka ga dama." Har kuɗin makarantar ya cire hannu. Na koma na maimaita aji, ina gyara wa ɗalibai wayoyi da kwamfutoci ina biyan abin da Kawu bai iya biya ba. Waɗanda muka fara tare sun riga ni fita, amma na fita.

Ni a zatona wahalar ta ƙare, tun da zan shiga cikin mutanen da ba sa kafa hujja da aya. A ganawar neman aiki ta farko, bayan na warware matsalar da suka ba ni a kan allo, shugaban ya dubi hijabina ya ce, "Aikinki ya yi kyau. Amma yaushe za ki yi aure? In kin haihu, sabar ta faɗi da tsakar dare, wa zai tashi?" Sabar ita ce babbar kwamfutar da aikin kamfani ke gudana a kanta. Abokin karatuna da muka je tare, wanda matarsa ke da tsohon ciki a lokacin, ba wanda ya tambaye shi wannan.

A inda na samu aiki daga baya, ni kaɗai ce mace a sashen manhaja. Duk taron da aka zauna, ni ake miƙo wa biro in rubuta abin da aka tattauna. Idan abokin ciniki ya kira na ɗaga, sai ya ce, "Hajiya, don Allah a haɗa ni da injiniya." Wani dare rumbun bayanan wani babban abokin cinikinmu ya tsaya cak, ana ta sake kunna sabar tana sake faɗuwa. Daga gida na shiga, na zauna ina bin rajistar kurakurai layi bayan layi, har na gano wani sabon umarni da aka saka da rana yana buɗe hanyar shiga rumbun ba ya rufewa, har hanyoyin suka ƙare. Gyaran bai fi layi uku ba. Na tura kafin kiran assalatu. Da safe a taro shugaban sashe ya ce, "Mun gano matsalar," ya dafa kafaɗar wanda ke kusa da shi, wanda shi ne ma ya rubuta umarnin da ya jawo ɓarnar. Ni kuma ina rubuta abin da ake tattaunawa.

Ga kuma masu tausayi, waɗanda suka fi ba ni haushi. Sun ga mayafi sun gama karanta ni. An taɓa gayyata ta taro in yi magana a kan yadda fasaha ta 'yanta ni daga ƙangin addini. Na ce ba zan je ba, domin wadda ta mayar da ni makaranta tsohuwa ce mai karantar da Bukhari, ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. A ɗaya gefen, da na fara rubuta darussan Python, wani yaren rubuta manhaja, a Facebook, sai ga 'yan uwana Musulmi maza a ƙarƙashi, wannan ya ce in koma kicin, wancan ya tambayi ina muharramina, wani ya turo mini rabin hadisin nan dai. Gaba kura, baya siyaki. Wani da ya fito neman aurena ya ce sai in ajiye aiki, ya tafi. Wanda na aura bai san komai a kan manhaja ba, amma idan aiki ya riƙe ni shi ke goyon yarinyarmu a kafaɗa har ta yi barci.

Akwai lokacin da na fara tura gyare-gyare ga manhajojin da kowa ke iya sa hannu a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke haɗa aiki. Da cikakken sunana da hotona, sai a yi ta ja-in-ja a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na cire hoton, na bar haruffan farko na sunana, sai ga gyarana yana wucewa salin-alin. Na ɗauka ni ce ke zargi, har na ci karo da wani bincike da aka wallafa a 2017 wanda ya duba miliyoyin irin waɗannan gyare-gyare a dandalin. Ya gano ana karɓar na mata fiye da na maza idan aka haɗa duka, amma idan baƙuwa ce kuma ana iya gane mace ce, karɓar sai ta ragu.

Wannan ya sa na koma tonon tarihin sana'ar tawa kamar yadda na tono na hadisi, kuma abin da na tarar iri ɗaya ne. Ada Lovelace ta wallafa abin da ake ɗauka a matsayin tsarin umarnin na'ura na farko tun 1843. Mata shida ne suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, amma da aka nuna ta ga duniya a 1946 ba a gabatar da su ba. A Amurka, a 1984, kashi 37 cikin ɗari na masu kammala digirin kwamfuta mata ne, daga baya adadin ya faɗi ƙasa da kashi 20. Ƙwaƙwalwar mata ba ta canja a cikin waɗannan shekaru ba, sana'ar ce ta yi tsada da daraja, aka fara tallata kwamfuta a matsayin kayan wasan yara maza. A Malesiya kuwa, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, mata sun kai kusan rabin ɗaliban wannan fanni, har ana ganinsa aikin da ya dace da mace saboda a cikin ofis ake yi. Abin da Baffa ya kira harkar maza, a can iyaye ne ke tura 'ya'yansu mata.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ya fito a 2018, cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki. An horar da ita da takardun da aka turo wa kamfanin cikin shekara goma, mafi yawansu na maza, sai ta koyi rage makin takardar da ta nuna alamar ta mace ce. Ba wanda ya rubuta mata umarnin ƙin mata. Abin da aka zaɓa aka ba ta shi ta mayar. Ni na yi imani Alƙur'ani maganar Allah ce, hadisi ingantacce kuma gaskiya ne. Amma wanda zai zaɓi ayar da za a karanto da wadda za a bari, ya tsaya a tsakiyar hadisi ko ya kai ƙarshensa, mutum ne, kuma da tarbiyyarsa da tsoronsa da maslaharsa yake zaɓa. Baffa ya san aya ta 32 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwira. Ya haddace ta tun kafin a haife ni. Ranar dai ba ta zo masa ba.

Ba zan ce duk tsoronsa na banza ba ne. Na ga abin da yake gudu. Na taɓa barin wani aiki saboda saƙonnin da wani na sama da ni ke turo mini da dare, kuma da na kai ƙara aka ce in yi haƙuri, haka yake da wasa. Amma shi ne ya yi laifin, ni ce na rasa albashi, kuma da Baffa ya ji labarin da cewa zai yi ai ga irinta nan, maimakon ya tambayi me aka yi wa mutumin.

Yanzu ni ke jagorantar ƙaramin rukuni na masu rubuta manhaja. Rubuta bayanin taro zagaye yake yi, kowa da ranarsa, kuma duk gyaran da aka yi da sunan mai shi ake faɗa. A ƙarshen mako ina koyar da 'yan mata, kuma na lura rabin aikin ba a aji yake ba, a zauren iyayensu yake. Ina zuwa da Kawu ko da mijina, in durƙusa in gaishe su, in saurari tsoronsu har su gama, sannan in nemi izinin karanto hadisin Jabir. Wasu su bari, wasu su ce sun ji amma a'a, kuma akwai yarinyar da har yau nake tunawa da kaifin kanta, an cire ta ba ta dawo ba.

Baffa ya tsufa. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba, bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Idan wayarsa ta rikice ni yake aiko wa. Kwanan baya autarsa ta gama sakandare, ta same ni a ɓoye ta ce, "Yaya, irin karatunki nake so." Na je na same shi da maganar. Ya ce zai yi shawara. Na dai cike mata takardar neman gurbin, tana hannuna, kuma sai ƙarshen wata za a rufe karɓa. Na riga na gaya wa Kawu ya shirya, wataƙila sai mun sake ɗauko liman.